Ni Ne Mai Zanzana a Gidan, Amma Matata Na Sa Jinya

A lokacin ina sabon magidanci a wani ƙauye kusa da Birnin Lalle, tun Nasara ba su shigo ƙasar nan ba. Ina noman gero, muna zaune ni da matata da mahaifiyata. Fuskata cike take da zanzana, domin na yi agana tun ina ƙarami, kuma kowa ya san ba ta kama mutum sau biyu.

Da rani agana ta faɗo garin. Dattawa suka sa aka kafa bukkoki can bayan gonaki, duk wanda ta kama a kai shi, wasu tsofaffin mata masu zanzana su yi jinyarsa. Abinci daga nesa ake ajiyewa. Wanda ya cika a can ake rufe shi, danginsa ba su gani ba. Mutane da dama sun dawo da ƙafarsu, amma mu waɗanda ba su dawo ba muke ta lissafawa.

Da ƙuraje suka feso wa mahaifiyata, ta ce in ina neman albarkarta kada in bari ta mutu a hannun bare. Na ɓoye ta a ɗaki, na ce wa maƙwabta ciwon ƙafa take yi. To, wa zai yi jinya? Ni ne ciwon ba ya iya taɓawa, amma ina namiji in goge jikin uwata, in kwashe mata bayan gida? Kunya ta hana ni. Na ce wa matata aikinta ne. Ta tuna mini cewa ita ba ta taɓa yin agana ba, sau ɗaya ta faɗa, sannan ta ɗauki ƙwaryar ruwa ta shiga.

Mahaifiyata ta tashi, ta ƙara shekaru a duniya. Matata ba ta ga damina ba.

Yanzu na tsufa, jikana ke rubuta mini wannan. Ina ganin in annoba ta shigo, mutane suna gudun likita kamar yadda muka guji bukkokin nan, kuma na san tsoron, ba na yi musu dariya. Sai dai mai ɓoye marar lafiya ya sani, ciwon ba ya zama a jikin mutum ɗaya. Kafin ka rufe ƙofar ɗakin, dubi wanda za ka tura ciki.