Delbert Mai Lasar Agogo

A garin Altoona an ce Delbert Krupka lasar agogo yake yi. Wai da ya ɗora harshe a kan tsohon agogon aljihu na ma'aikatan jirgin ƙasa, sai ya faɗi shekarar da aka ƙera shi, har da abin da maƙerin ya karya kumallo da shi.

Ƙarya ce, mu 'yan uwansa muka ƙaga ta. Gilashi yake maƙalawa a ido ya duƙa har hancinsa ya goge ƙarfen, hancin kuwa sai ya riga shi shiga coci da minti biyar. Lambar jikin injin yake dubawa, ba ta murfi ba, don a da injin daban ake saye, gidansa daban.

Shekara talatin yana son Loretta Haverstick mai sayar da kofi da kek ɗin tuffa, bai taɓa ce mata komai ba sai "ƙaro kofi". Rannan sai ga ta a shagonsa da agogo a hankici.

"Na kakana ne, Del, direban jirgi. In ka tashe shi, zan dafa maka kaza ranar Lahadi."

Ya buɗe, ya duba lambar injin. An ƙera injin ne bayan kakan ya daɗe a kabari. In ya faɗa, ba kaza, ba Loretta. In ya yi shiru, to ya yi ƙarya, shi da ko agogon bango ya yi latti sai ya yi masa faɗa.

Ya wanke, ya sa mai, agogo ya kama tafiya. Sannan ya juya cikin murfin. Ga 'yan zane-zane birjik, irin waɗanda masu gyara ke karcewa duk lokacin da suka duba agogon ma'aikaci. Na sama tun zamanin kakan ne, na ƙasa kuwa na zamanin babanta, wanda shi ma jirgin ya yi wa aiki.

Da ta dawo, ya ce, "Loretta, gidan agogon na kakanki ne. Injin kuwa babanki ya sauya, ya ci gaba da aiki da shi."

Ta share ido. "Ashe su biyun ne a ciki? Lahadi da ƙarfe ɗaya na rana, Del. Ka sa riga mai wuya."

Ranar bikinsu na tare shi a ƙofar coci. "Ɗan uwa, mai gyaran agogon gari guda, ka makara da shekara talatin!"

Ko kallona bai yi ba. Ya ce, "Sau ɗaya na makara, Wendell. Kai aurenka uku, kullum da sammako, kuma ba ka taɓa hawa jirgin da ya kai ka gida ba."