Jibo Mai Gyaran Famfo Ya Tafi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, 10 ga watan Yuli na 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran aminina Jibo Danda, mai gyaran famfo na garin Urafane.

Jibo, shekara talatin da ɗaya ke nan da aka turo ni koyarwa garinku, ban san kowa ba. Kai ka ba ni ɗakin zaurenka, ka sa matarka Zara'u ta riƙa zuba tuwo da ni har na yi aure. Famfon lakwal ɗinmu kuwa, wato makarantar da nake koyarwa, ba na tuna ranar da ya kwana biyu a lalace.

A watan Mayu ciwon kai ya kayar da kai a bakin rijiya. Daga Tasawa aka tura mu Maraɗi, daga can Yamai. Aka yi maka allurar wani ruwa da ke bayyana hanyoyin jini, aka shigar da kai cikin sikana, na'urar ɗaukar hoto. Ni ina waje riƙe da hularka da takalmanka.

Da likita ya nuna mana hoton, ban gane komai ba sai zare-zare farare. Kai kuwa ka matsa, ka ɗora yatsa a kan wani ɗan ƙullutu.

"Likita, wanga tiyo ya kumbura. In ba a ɗaure shi ba, fashewa za ya yi."

Likitan ya daɗe yana dubanka, sannan ya ce haka ne. Ya sa ranar aiki ƙarshen Yuli, ya ce ka huta, kada ka ɗaga abu mai nauyi.

Ka huta ɗin, mako shida. Sai matan wani ƙauye wajen Kona suka aiko cewa famfonsu ya tsaya, ruwan tabki yara ke sha. Na tare ka a bakin ƙofa.

"Mushe, ba ni taɓa komi," ka ce, da sunan da ake kiran malamin lakwal. "Nuni kawai za ni yi."

Na kauce. Har yau ina tambayar kaina dalili. An ce da gaske ba ka taɓa ƙarfe ba. Kana zaune kana nuna wa samari har ruwa ya zubo. Sai ka dafe kai, ka nemi inuwa. Daga nan ba ka ƙara tashi ba.

Yanzu bayan la'asar nakan fito gindin bishiyar bedin da muke zama. Mutane na wucewa, suna gaishe ni, ba wanda ke zama. Jiya na ji wani labari a rediyo, har na miƙe zan zo in gaya maka.

Ina miƙa ta'aziyya ga Zara'u, da 'ya'yanka Samira da Naziru, da duk jama'ar Urafane. Allah ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Mu kuma da muka rage, Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu cika da imani.

Amininka, Mahmudu Baƙo.