Bidi Ya Zauna a Unguwar Kanawa

Ana idar da sallar asuba muka bar ƙauyenmu, ni da mahaifina da dokinsa Bidi. Kaka ce, dawa ta fara nuna, raɓa ta jiƙa mana ƙafar wando tun kafin mu hau babbar hanya. Tun tsakiyar damina Bidi ke ramewa. Haƙarƙarinsa sun fito, idanunsa na zubar da ruwa, ƙafafunsa na baya sun kumbura. An yi jiƙe-jiƙe, an ba shi kanwa, ba a ga sauƙi ba, sai wani mai sayen gyaɗa ya ce mana a Kaduna akwai asibitin dabbobi.

Na so in tafi ni kaɗai, don Baba ya manyanta, ga ciwon gwiwa. Ya ce da hannunsa ya rene shi tun yana ɗan duƙushi, ba zai aika shi wurin baƙi kamar saƙo ba. Bai kuma yarda ya hau shi ba. A ƙasa muka taka, in Bidi ya tsaya mu tsaya. Motocin gyaɗa na wuce mu, fasinjojin da ke kan buhuna suna leƙen tsohon da ke da doki amma yake tafiya da sanda. A wata mararraba muka sayi fura wurin matan Fulani. Baba ya sha kaɗan, ya ƙara ruwa a sauran ya miƙa wa Bidi ƙwaryar.

Mun kwana a zauren wani mai gari, washegari da la'asar muka shiga Kaduna ta wajen Kawo. Tituna a miƙe, ma'aikata sun taso daga ofis a kan kekuna, kowa na kaɗa ƙararrawa. Muka sauka a Unguwar Kanawa gidan ɗan ƙanwar Baba, baduku ne mai ɗinkin kayan doki. Abin da ya fi ɗaure wa Baba kai shi ne ganin ana sayar da ciyawa ɗauri-ɗauri a bakin hanya. Da safe kuma aka kawo shayi da burodi, ya matsa burodin da yatsa, ya ce mutanen birni iska suke gasawa su ci.

A asibitin muka tarar da malamin dabbobi, Bazazzagi mai sanyin magana. Ya ɗaga fatar idon Bidi, ya shafa ƙafafun, sannan ya tsaga gefen kunnensa kaɗan ya ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ya sa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa.

“Baba, zo ka gani da idonka,” in ji shi.

Baba ya sunkuya ya daɗe. Da na leƙa bayansa, sai na ga wasu 'yan abubuwa kamar zare suna mutsu-mutsu a cikin jinin. Malamin ya ce sammore ne, ƙudan tsando ke kawo shi. Ya tambayi inda dokin ke kiwo, muka ce a fadama, bakin kurmin rafinmu. Ya gyaɗa kai.

Aka yi allura. Ba a jima ba Bidi ya hau rawar jiki, gumi ya rufe shi, ya durƙushe. Baba ya zauna a ƙasa da farar rigarsa, ya ɗora kan dokin a cinyarsa, yana kore masa ƙuda yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin wannan muryar a bakinsa ba, ko lokacin da muke yara. Sai bayan azahar Bidi ya miƙe.

Muka zauna a garin muna kai shi ana dubawa. Kumburin ya saɓe, ya fara neman dusa da kansa. Ranar ƙarshe malamin ya ce jinin ya yi tsabta, amma akwai magana.

“Baba, in ya koma bakin rafin nan, tsando zai sake cizonsa, kuma jikinsa ba zai ɗauki na biyu ba. Nan cikin gari an sare kurmi, ƙudan ba ya zuwa.”

Muka koma masauki. Bayan la'asar ya kira ɗan ƙanwarsa, ya miƙa masa igiyar Bidi.

“Kawu, ai ba zan iya raba ka da shi ba.”

“Ba kai ka raba mu ba. Ka riƙa jiƙa masa dusa, haƙoransa sun tsufa. Kada kuma a yi masa tsawa, ba ya so.”

A motar gyaɗa muka dawo. Direba ya ba Baba gaba, ni ina bisa buhuna, hanyar da ta ci mana ƙafa ta ƙare kafin rana ta karkata. Muna shiga gida Inna ta dubi bayanmu, ta ga ba doki, ta ajiye muciyar da ke hannunta.

“Ya mutu?”

“Yana nan, yana cin abinci,” in ji Baba. “Shi ya sa ban dawo da shi ba.”

Na tafi Kaduna ina zaton warkewar doki ita ce a dawo da shi turkensa. Na dawo na san Baba ya fi son Bidi ya rayu nesa da shi da ya mutu a gabansa. Har yanzu kullum da safe yakan share turken, ya tsaya jim, sannan ya ɗauki sandarsa ya nufi gona a ƙasa.