Wayar da Na Yanke a Bayan Bamba

Ni ne na yi laifi, ba Baba Gyang ba. Gara in faɗi wannan tun farko kafin in ba da labarin tafiyar da na yi Kaduna.

Sunana Isa, direban Alhaji Sale ne ni, wani mai fataucin shanu a unguwar Ali Kazaure cikin Jos. Baba Gyang kuwa bakanike ne a unguwar Kwararafa, shi ke gyara mana motoci tun ina koyon tuƙi. A shekarun da mutanen Jos suka fara duba unguwa kafin su shiga saboda rikici, ni da shi ba mu daina cin gwate a kwano ɗaya ba.

Alhaji ya sayo wata mota 'yar Kwatano mai esi, wato na'urar sanyaya mota, irin na zamani: ka saita lamba, motar da kanta ta san iskar da za ta ba ka. Duk lokacin sanyi ba wanda ya kunna, don a Jos tagar ma rufewa ake yi. Da bazara ta shigo aka kunna, sai iska mai ɗumi. Baba Gyang ya duba ya ce, "Gas nashi ya cika, kwamfreso lafiya. Wani abu ne yana hana shi tashi. Isa, ka taɓa waya?" Alhaji na tsaye, kuma ya sha gargaɗina kada in taɓa komai a motar. Na ce ban taɓa ba. Har na ƙara da cewa wa ya sani ko an sauya mana kwamfreso, injin esin, da tsoho. A gaban dukan mutanen gareji na faɗa. Alhaji ya kwashe motocinsa, abokan fataucinsa suka bi sahu, ni kuma aka tura ni Kaduna wajen masu gyaran esi.

Jos zuwa Saminaka

Na tashi bayan sallar asuba, hazo ya rufe duwatsu, ina sanye da rigar sanyi. Duk motar da za a kai gyara nesa, Baba Gyang ne ke zama a gefena, yana saurarar inji yana zagin tuƙina. Wannan karon ledar burodi ce a kujerar.

Kafin Jengre 'yan sanda suka tsare ni. Ɗaya ya leƙo ya ce, "Oga, babbar mota haka, kai kaɗai?" Na ce ni kaɗai. Ya duba takardu ya ɗaga min hannu.

A Saminaka na cire rigar sanyi, na sha shayi a bakin tasha. Mai shayin ya tambaya ko ina da fasinja ya haɗa kofi biyu. Na ce a'a.

Saminaka zuwa Kaduna

Daga nan zafi ya fara. Tsakanin Pambeguwa da Kaduna na danna kowane maɓalli: fanka na juyawa, iska na fitowa, amma kamar numfashin saniya. Na sauke gilashi. Da wasu shanu suka tare hanya na danna hon, suka watse. Wannan hon ɗin shi ne abin alfaharina. Na asalin motar kamar tarin jariri yake, ko ɗan acaba ba ya waiwayowa, don haka na sayo na babbar mota na ɗaura da hannuna, Alhaji bai sani ba. Da ƙararsa ta mutu sai tambayar Baba Gyang ta dawo min. Na kunna rediyo.

Kaduna

Na isa bayan azahar. Mai gyaran, Oga Sande, ba mai yawan magana ba ne. Ya fara da fiyus, ya ga lafiya. Ya ɗaura geji ya ce gas ya isa. Ya jawo waya daga batir kai tsaye zuwa kwamfreso, sai ga shi ya kama, ƙas, bututu ya fara raɓa.

"Wannan kwamfreso ba a taɓa kwance shi ba," in ji shi. "Wa ya ce maka an sauya?"

Na ce haka dai aka yi zato.

Ya shiga cikin motar ya danne maɓallai biyu tare, wasu lambobi suka fito a ɗan allon esin. Ya yi dariya. "Motarka tana ganin tana cikin ƙanƙarar Turai ne. Mai hankali zai kunna sanyi a cikin ƙanƙara?"

Ya ce akwai wani ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa a bayan bamba, sansa suke ce masa, shi ke jin zafin gari ya gaya wa ƙwaƙwalwar mota. In wayarsa ta tsinke, motar sai ta ɗauka ana tsananin sanyi, ta hana kwamfreso tashi. Ya kwanta ya leƙa. Da ya fito bai yi dariya ba.

"Wa ya ɗaura hon ɗin nan?"

Ranar da na ɗaura shi na rasa abin da zan matse shi da shi. Na ga wata siririyar waya tana lilo da ɗan abu a bakinta, na ce wannan ba ta da aiki, na yanke, na yi ɗauri da ita. Ga ta nan naɗe a jikin hon, da ƙullin da na yi.

Ya haɗa wayar, ya sa sabon sansa. Kafin la'asar sanyi na fita har yana sa ni atishawa. Na kwana a motar a bakin garejin, tuwon da na saya ban iya ci ba. Ina da lambar Baba Gyang a wayata. Na duba ta, na mayar aljihu.

Komawa

Na kamo hanya da sassafe. Tun daga Kaduna har Saminaka motar na hura min sanyi, ni kuwa gumi nake yi. Zuciya ta ce in ce wa Alhaji wani abu ne ya ƙone, an sauya, shi ke nan. Ba wanda zai leƙa bayan bamba. Aikina zai tsira, garejin Baba Gyang ya ci gaba da zama fayau. Da na fara hango duwatsun Jos na kashe esin.

Alhamdu lillahi na iso lafiya. Na sami Alhaji a ƙofar gida, na miƙa masa makulli da guntun wayar, na faɗi komai.

"Maganar aikinka sai na yi tunani," ya ce. "Amma a inda ka ɓata, can za ka gyara. Shiga mu je."

A garejin mota ɗaya ce kawai, ita ma ta Baba Gyang ce. Yana zaune a kan benci yana wanke fulogi da fetur. Bai ɗago ba. Na jira har mai faci da mai walda da masu shagon gefe suka matso, don su ne suka ji ƙaryar da na yi tun farko. Na cire hula, na durƙusa, na ajiye wayar a gabansa.

"Baba, ka tambaye ni ko na taɓa waya, na ce a'a. Ƙarya na yi. Ga ta, ni na yanke. Ba ka sauya komai ba, ba ka taɓa cin amanar kowa ba. Na kira ka ɓarawo don in tsira da aikina. Jama'a ku ji, ni ne. Baba, don Allah ka yafe min."