Rabin Waƙar Kawu Jabiru

Kawuna Jabiru, ƙanen mahaifiyata, ya zo Hajji a 1977 bai koma ba. Ya yi ta sauke buhunan siminti a tashar jiragen ruwa ta nan Jidda har bayansa ya gaza, sannan wani kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, ya yi masa iƙama, takardar zama, ya sa shi gadin siton wani kamfanin Jamusawa a unguwar kamfanoni da ake kira Madinar Masana'antu. A can kunnuwansa suka mutu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba Jamusawan kaɗai nake jin haushi ba, har da shi.

Duk ranar Alhamis bayan la'asar, in ma'aikata sun watse, Jamusawan sukan taru a cikin siton da matansu su yi waƙa. Waƙoƙin cocinsu ne na da can, wai sun doshi shekara ɗari huɗu. Ba a taru wuri ɗaya suke yi ba. Kashi biyu suke rabuwa: wasu su tsaya kusa da ƙofa, wasu su hau dandamalin kaya can ƙuryar sito. Na ƙofa su ɗauko, na ƙurya su amsa, a yi ta miƙa wa juna, daga baya su haɗu gaba ɗaya.

To a garin nan ba a waƙar coci a sarari, kowa ya sani. Sai suka ba Kawu aiki: ya tayar da tsohon janareta a bakin ƙofa, ya zauna kusa da shi, don mai wucewa ya ɗauka aiki ake yi a ciki. Sun ba shi abin toshe kunne, wannan kam ba zan yi musu ƙarya ba. Shi ne ya rataye shi a ƙusa. Ya jingina kunne ɗaya da ƙyauren, ya bar wa injin ɗayan.

Na ƙofa kawai yake ji. Da sun yi shiru, na ƙurya sun karɓa, sai ƙarar janareta ta cinye komai.

Haka ya riƙa dawo mana gida unguwar Ruwais da rabin waƙa. Yana gyara fitila ko yana yankan farce sai ka ji yana ƙunƙuni da wata murya mai kauri, can ya tsaya cak, kai a karkace, yana jira. Sai ya ci gaba.

Matarsa Saudatu takan ce, "Malam, wa kake jira ya amsa maka? Bangon?"

Maƙwabcinsa Abdulghaffar, mai sayar da turare, ya fi ta baki. "Alhaji Jabiru, an zo Makka neman lada an ɓige da ladancin Nasara. Yaushe za a yi maka wankan baftisma?"

"Ranar da ka daina haɗa turarenka da man gyaɗa," in ji Kawu. "Ni ko kalma ɗaya ban sani ba a abin da suke faɗa. Sallata tana nan. Amsar kawai nake so in ji."

Abin da mutane ba su gane ba, Kawu ɗan amshi ne tun yana saurayi a ƙauyensu, wajen gayya. Mai waƙa ya jefo, su su cafe, fartanya na tafiya. Ya taɓa ce mini in aka ɗauko waƙa ba a amsa ba, ji yake kamar an yi sallama an ƙyale mutum tsaye a ƙofa.

Na ce, "To Kawu, ka roƙe su mana! Rana ɗaya su bar ka ka shiga."

"In na shiga wa zai zauna da injin? In ya mutu aka ji su, su jirgi za a sa su. Ni fa?"

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Injiniyoyi su tafi, wasu su zo, waƙar tana nan, Kawu yana nan. Kunnen dama ya fara tafiya. Sai ya juya kujera ya ba injin na hagu, wai don su gaji daidai. Ya kai sai an taɓa kafaɗarsa kafin ya san an kira salla.

Da muka ji kamfanin zai tattara ya bar Jidda, a 1994, na ɗauki abayata na tafi da kaina. Na yi sakandare a Gusau kafin aure ya kawo ni, Turancina ya isa faɗa. Na sami matar da ke jagorantar waƙar, wata doguwa mai furfura, na gaya mata komai ban rage ba. Ta dafe ƙirji. Wai ita ba ta taɓa sanin yana saurare ba. Shekara da shekaru tana wuce mutum a ƙofa tana ce masa shukran, ba ta taɓa lura kunnensa na manne da ƙyaure ba!

Ta ce ya zo Alhamis ta ƙarshe. Mijina Musbahu ya yarda zai zauna da janaretan, ya cusa auduga a kunne yana mita.

Kawu ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Suka ajiye masa kujera a tsakiyar sito, daidai tsakanin ɓangarorin biyu, wai nan ne wurin da ya fi kowane. Ni na tsaya jikin bango.

Na ƙofa suka ɗauko. Na ga leɓensa na motsi tare da su, bai kuskure ko gaɓa ɗaya ba, bakinsu yake kallo. Suka yi shiru. Daga can sama muryoyin mata suka sauko sirara, na maza suka biyo su a ƙasa, suka mayar da abin da aka ce musu amma a juye, kamar an tambaye su sun ba da amsa da wata tambayar. Ni da ban damu da waƙarsu ba sai da tsikar jikina ta tashi.

Kawu bai juya ba. Yana nan fuskarsa na kallon na ƙofa, kai a karkace, yana jira.

Da aka gama suka yi ta tafa masa, suka ba shi kaset na waƙoƙin a cikin takarda mai ƙyalli. Kaset, jama'a. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya.

Muka shiga mota. Musbahu na ta sakace kunne da ɗan yatsa. Sai da muka kusa Ruwais Kawu ya taɓo ni.

"Zubaidatu, na sama ɗin. Sun amsa?"

Na kai bakina kunnensa na ɗaga murya. "Sun amsa, Kawu."

"Yaya suka ce?"

Na buɗe baki in yi masa, na ga ba zan iya ba. Sau ɗaya na ji, kuma ni ko a biki ba a sa ni waƙa. Na ɗan gwada, abin ya fito kamar kukan akuya. Ya zuba wa bakina ido har na gama.

"Da daɗi dai?"

"Da daɗi."

Ya gyaɗa kai, ya ɗora kaset ɗin a cinya, ya juya yana kallon titi.

"To, halas, shi ke nan," ya ce. "Musbahu, yalla, taka motar nan, magariba ta kusa."