Gwaggo da Kwamfutar Kwali

Gwaggona, yayar babana, ta shekara ashirin da shida tana koyarwa a firamare. Goma sha ɗaya daga ciki darasin kwamfuta take koyarwa, kuma ba ta taɓa kunna kwamfuta ba ko sau ɗaya. Kada wanda ya ga laifinta. Kwamfuta ɗaya ce tak a makarantar, wata ƙungiya ce ta ba su, hedimasta ya lulluɓe ta da zanin gado a ofishinsa, ya ce sai an jawo wuta. Wutar ba ta zo ba. Hedimasta biyu suka zo suka wuce, kowanne ya miƙa wa na bayansa ita a lulluɓe. Sau ɗaya a zango ake jera 'yan aji shida, a ɗaga zanin su gan ta, a mayar.

Gwaggo kuwa ba mai zaman jira ba ce. Ta sa mijinta, wanda tela ne, ya yanka mata kwalaye arba'in daidai girman kibod, ta zana madannai da biro, ta rubuta harafi a kan kowanne. Maus, wato linzamin kwamfutar, kwalin ashana ne da aka ɗaura wa zare. Allo shi ne fuskar kwamfuta, ita kuma Gwaggo ita ce injin. Yaro ya danna harafi a kwalinsa ya faɗe shi da ƙarfi, ita ta rubuta a allo. In ya danna ba daidai ba, sai ta tsaya cak, ta ce kwamfuta ta maƙale, a kashe a sake kunnawa. Yaron ya fita waje ya sake shigowa. Ni ma a hannunta na yi aji biyar da shida, kuma har na shiga sakandare ina zaton kwamfuta tana harara.

A bayan idonta Malama Tsaf muke ce mata, saboda ba ta barin allo da rubutu. Da an kaɗa ƙararrawa dasta na hannunta, hagu zuwa dama, sama zuwa ƙasa, har kusurwoyi. A ganinta, malamin da ya bar wa na bayansa allo da rubutu daidai yake da wanda ya ci abinci ya bar kwano a tsakar ɗaki. Ta taɓa yin wata guda ba ta amsa gaisuwar malamin lissafi a kan wannan.

Sai ga takarda daga ofishin ilimi. Za a kawo wa makarantar kwamfuta ashirin da wutar sola, amma ba mai koyarwa da su sai wanda ya yi kwas na sati uku ya samu satifiket. Hedimasta ya kira Gwaggo, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce in ba ta samu ba, za a turo wani, ita kuma ta koma kula da sito. Na ji haushin wannan har yau. Mace ta shekara goma sha ɗaya tana fama da kwali, ranar da abin gaske zai zo kuma a ce ta je ta ƙirga tsintsiya. Gwaggo ba ta yi gardama ba. Ta ce a rubuta sunanta, ta koma gida ta goge mayafinta mafi kyau.

A wani dogon ɗaki ake kwas ɗin, malamai talatin, kowa da kwamfutarsa, fanka biyu suna juyawa ɗaya tana ƙara. Mai koyarwar wata matashiya ce da ba ta kai 'yar Gwaggo ta fari ba. A bayanin baki ba wanda ya kama ƙafar Gwaggo. Kafin a gama tambaya ta ba da amsa, har da gyara wa mai tambayar. Matsalar ta taso ne da aka ce kowa ya rubuta sunansa. Gwaggo ta danna harafin farko, ta faɗe shi da ƙarfi har na ƙarshen ɗaki ya waiwayo, sannan ta riƙe madannin tana jiran a rubuta mata. Kafin ta ɗaga kai, harafin ya cika layi uku yana neman na huɗu. Ta ce wa kwamfutar ya isa haka. Kwamfutar ko gezau.

Amma Gwaggo ba ta da kasala. Kullum da yamma ta baje kwalinta a kan teburin yanka, mijinta ya zama fuskar kwamfuta da allin telansa a kan baƙin yadi, tana danna yana rubutawa, tana yi masa faɗan jinkiri. A sati na biyu ta daina kiran haruffa da ƙarfi, sai dai leɓenta na motsi. Ta iya jan tebur mai layi-layi, ta iya ƙara wa rubutu kauri. Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne ranar da aka nuna musu yadda ake tattara rubutu duka a share da danna ɗaya. Ta dawo gida tana ba da labarin dastar da ba ta tayar da ƙura.

Ranar jarrabawa aka ba su awa ɗaya. Kowa ya rubuta tsarin darasi shafi guda, da tebur a ciki, ya bar shi a fuskar kwamfuta, mai koyarwa ta bi ɗaya bayan ɗaya ta ba da maki. Gwaggo ta gama cikin minti arba'in. Ta karanta sau biyu, ba kuskure ko ɗaya. Da saura minti biyar, matashiyar ta kaɗa wata 'yar ƙararrawa.

Ƙararrawa ce fa. Gwaggo ta rantse ba ta san lokacin da hannunta ya tafi ba. Ta tattara rubutun duka, ta share, fuskar ta koma fari fat. Ta sa bakin mayafinta ta goge gilashin har kusurwoyi. Sannan ta naɗe hannu, tana kallon kwamfutocin maƙwabtanta cike da rubutu, tana tausayin tarbiyyarsu.

Matashiyar ta iso da takardar maki. "Mama, ina aikinki?"

"Na gama, 'yata. Na goge wa mai zuwa."

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa. Matashiyar ta rage murya ta ce ita ba ta da izinin taɓa kwamfutar kowa, abin da ta gani kawai za ta ba maki, kuma saura minti uku. Gwaggo ta ce a lokacin har warin siton nan ta ji.

Akwai wasu madannai biyu, kwantirol da zed, waɗanda littafi ya ce suna dawo da abin da aka goge. Gwaggo ta sa ɗaruruwan yara sun haddace wannan, amma ba ta taɓa gwada musu ba, don a allo sai ta sake rubutawa da hannunta. A ranta ta ɗauka ƙarin gishirin masu littafi ne. Ta sa yatsu biyu, ta danna. Shafin ya dawo cif, har da tebur.

Da wani ne sai ya yi godiya ya janye hannu. Gwaggo ta sake sharewa ta sake dawowa da shi. Ta kuma. Sai a na uku matashiyar ta ce, "Mama, don Allah ki bar shi haka," ta yi sauri ta rubuta makin.

Ta samu satifiket ɗin, ajinta kuma ya tsira. Ranar da ta kawo shi gida muka taru ana ta dariya, mijinta har da riƙe ciki, ni na fi kowa. Ita kuwa ba ta yi dariyar ba. Ta zuba min ido, ta ce tun ranar take tunanin wani abu. Allonta ba ya dawo da komai, kuma ni ta san hannuna ba ya sauri. Sau nawa ta goge ina cikin kwafa?

Na ce kullum. Littattafaina duka rabin jimla ne.

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na faɗa, Gwaggo. Kullum sai na ce ban gama ba."

Dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana juya satifiket ɗin a hannunta, kunya ta kama ni kamar ni na yi laifi. Can ta ce in je in nemo mata littattafan nan in suna nan. Suna nan, a ƙasan akwatin mahaifiyata. Ina da shekara ashirin da biyu, Gwaggo ta zauna da jan biro, sati guda cur, ta ƙarasa min kowace jimla.