Hujin da Baba Ya Ƙi Ɗinkewa

Babanmu tela ne, kuma ban taɓa ganin mai kafiya a kan wuyan riga irinsa ba. Duk kayan da suka bi ta ƙarƙashin kekensa, sai ya juya wuyan ya yi wa mai su alama da jan zare. Ni tawa ɗigo uku ce, ta yayana layi biyu. Doka ɗaya ce a gidanmu da ba ta jin magiya: ba a aron riga. Ka ari takalmi, ka ari jaka, Baba ko a jikinsa. Amma ranar da na dawo daga makaranta da rigar ƙawata a jikina, kwana biyu ya yi bai dubi inda nake ba. Mama ta ce in rabu da shi, haka Allah ya yi shi.

Shagonsa ɗan ɗaki ne a bakin titi. Baƙin keke mai feda wanda fentinsa ya goge daidai inda hannu ke dafawa, benci guda, madubi mai tsaga a gefe, sai gwangwanin madara cike da maɓallai. A tsallaken titin akwai wani zaure da tsofaffin sojoji ke haɗuwa duk Asabar, su sha shayi su yi ta musu har da nuna yatsa. Baba ma ya yi soja shekara tara, shi ne telan rundunarsu, Allura suke ce masa. Amma bai taɓa tsallaka titin nan ba. Ranar Asabar juya kekensa yake yi ya ba ƙofa baya, wai rana ce ke damun idonsa. Ranar Asabar kaɗai, ka ji fa!

Sai da na girma na zama nas, har na fara furfura, sannan na san dalili. Zazzaɓi ya kwantar da shi, na shiga shago neman katin asibitinsa. A can ƙuryar aljihun keke na ci karo da takarda naɗe cikin ƙyalle. Takardar sallamarsa ce daga soja. A layin dalilin sallama an buga: ya gudu daga bakin aiki, kwana ashirin da uku.

Wallahi sai da na sake karantawa. Mutumin da ko bakin wando aka ba shi ba ya tashi sai ya ƙarasa?

Na bari ya warke, sannan na ajiye masa takardar a kan keke.

"Wa ya aike ki, Uwata?" ya ce, bai ɗago ba.

"Ba wanda ya aike ni. Baba, ka gudu?"

Ya murza zare a yatsa, sannan ya ba ni labarin.

Akwai wani abokinsa a runduna, dogo har ana ce masa Falwaya. Ya kawo wa Baba rigarsa a gyara masa aljihu. Wata rana da safe Baba ya wanke nasa kayan, suna kan igiya jiƙe sharkaf, sai aka busa usur a tashi. Ya zura ta Falwaya, ya cusa ta a wando don har gwiwa ta kai masa, ya hau mota. A hanya nakiya ta tashi da motar. Ƙarfe ya shige shi a haƙarƙarin dama, igiyar lambar da ke wuyansa ta tsinke. Wata runduna ce ta tsince shi a sume, ta kai shi wani asibiti mai nisa. Can suka juya wuyan riga, suka ga lamba ɗinke tsaf da jan zare, suka rubuta ta a rajista.

"Ɗinkina ne, Uwata," ya ce. "Ni na ɗinka wa kowa lambarsa don kada kaya su ɓace. Aikin hannuna ya ba da shaidar zur a kaina."

Da ya koma, an riga an rubuta shi cikin waɗanda suka gudu. Hafsan da ya san shi ya mutu a motar, an yi wa Falwaya canjin wuri, sabon hafsa kuma ba shi da lokacin jin labarin riga. Sau uku Baba yana zuwa ofis, ana ce masa ya kawo shaida. Ya rubuta wa asibitin, suka amsa cewa mai lambarsa bai taɓa kwanciya a wurinsu ba. Gaskiyarsu kuwa. Daga nan ya yi zuciya, ya naɗe takardar. Shekara arba'in da ɗaya kenan.

"To me zan je in ce musu a can?" Ya nuna tsallaken titi da haɓa. "Da sun tambaye ni rundunata, tambaya ta gaba ita ce yadda na fita."

Raina ya ɓaci, har ban san da wa nake fushi ba. Amma ni aikina a asibiti ne, na san ba ma zubar da rajista, sai dai ɓera ya rage mata gefe.

Na ɗauki hutu na tafi ofishin da ke gyara takardun tsofaffin sojoji. Ɗaki ne mai benci biyu da fanka mai kuka, da wata akawu mai gilashi rataye da igiya. Ranar farko muka yi cacar baki da ita, don ta ce in dawo da hoton Baba guda huɗu, ni kuwa uku na riƙo. Na faɗa mata maganar da har yau nake jin kunyarta. Da na dawo, ita ce ta jawo min kujera. Ta ce, "Ƙanwata, bar neman lambar babanki. Nemi ta mai rigar, a wuri biyu: rajistar asibiti da littafin kiran suna na runduna. Sai ki samo shaida mai rai."

Wata bakwai ana abu ɗaya, je ki dawo, fayil na sama, mai makulli bai zo ba. Amma takardun sun fito. Rajistar asibiti ta ce mai wannan lamba ya kwanta kwana ashirin da uku da rauni a haƙarƙarin dama. Littafin runduna ya ce mai wannan lamba yana amsa kira kowace safiya a waɗannan kwanakin. Akawun ta jera su a tebur ta ce, "To, ko dai wannan bawan Allah aljani ne, ko babanki na da gaskiya."

Neman Falwaya ne ya sa ni tsallaka titin da Baba ya ƙi tsallakawa. Tsofaffin nan suka yi min caa, kowa na cewa shi ya san inda yake. Cikin mako biyu suka samo shi a gidan 'yarsa, tafiyar awa biyu a mota.

Ranar zaman duba maganar Baba, hafsoshi uku ne a bayan tebur. Falwaya ya shigo yana sunkuyar da kai a ƙofa, ya ga Baba, ya tsaya cak.

"Allura! Kai ne ka tsufa haka? Ina rigata?"

Da wasa ya faɗa. Sai Baba ya buɗe baƙar ledar da ya rungumo tun daga gida, wadda ya hana ni taɓawa a mota. Riga ce ta soja, ta koɗe, an goge ta. Aljihun a gyare. Lambar na nan a wuya da jan zare. A gefen dama kuwa ga huji, yatsa biyu za su shige. Mutumin da ba ya iya ganin zare na lilo a rigar baƙo bai ciro almakashi ba, shi ya zauna da wannan hujin shekara arba'in da ɗaya. Can baya ya taɓa kai ta ofis, aka ce masa riga ba takarda ba ce.

Falwaya ya ɗage tasa rigar ba wanda ya ce ya ɗage. "Ranka ya daɗe, duba da kyau. Ni ba tabo ko ɗaya, tumbi ne kawai." Baba ya ɗage tasa a hankali, ya kara tsohuwar rigar a jikinsa. Hujin ya hau kan tabon daidai. Babban cikin hafsoshin ya cire gilashi, ya miƙe tsaye, sauran biyun suka bi shi. Ni dai kuka nake yi, ban ma ɓoye ba.

Bayan mako shida sabuwar takarda ta iso. Na karanta masa a shago: an sallame shi cikin girmamawa, ya samu rauni a bakin aiki. Ya ce in maimaita. Na maimaita. Sai ya miƙo min allura ya ce, "Sa min zare, idon ya fara gardama."

Bai hau keke ba, da hannu ya yi. Wuni guda ya kwashe a kan hujin nan, har sai ka laluba kafin ka gane wurin.

Ranar Asabar bai juya kekensa ba. Ya ninke rigar, ya sa hula, ya duba hagu da dama ya tsallaka titi, ina biye da shi. Falwaya na zaune a tsakiyarsu da kofin shayi, don tun ranar zaman ya mayar da wurin nasa. Baba ya miƙa masa rigar da hannu biyu.

"Ga aikinka," ya ce. "Ka yi haƙuri, an ɗan makara."

Falwaya ya karɓa, sai ya matsa masa a benci. Baba ya zauna.